Abarba, Ba Ayaba Ba

Tun tana ƴar mitsitsiya likita ya sa mata gilashin ido, shi ya sa kowa a layin yake kiranta Tabarau, har sunan ya bi ta cikin gida. Yanzu ta kusa shekara shida. A ɗaka bakinta ba ya hutawa. Ta yi wa ƴar tsanarta faɗa, ta yi wa kyanwar maƙwabta nasiha ta taga, ta tambayi uwarta abin da ya sa firiji yake gunaguni shi kaɗai. Amma da ta taka bakin ƙofa sai ta haɗiye harshenta. A makarantar ƙananan yara da take zuwa, iyakarta ɗaga kai ko girgiza shi.

Umma, uwarta, tana aiki a wani kantin magani, daga safe sai yamma lis. Babanta direban babbar mota ne, idan ya tafi sai an gan shi. Umma ta ƙwallafa rai yarinyar ta shiga wata firamare mai suna da ke bayan asibiti, inda ba a ɗaukar yaro sai an zaunar da shi an yi masa tambayoyi da baki. Don haka ta sayo katuna masu haruffa da hotuna, kullum bayan cin abinci ta baza su a teburin falo. Tabarau ta haddace su tas, tana amsawa tun kafin a gama ɗaga kati. Umma ta san ba nan matsalar take ba, amma ba ta san inda za ta kama ba, sai ta ƙaro wasu katunan.

Ana cikin haka ƙanin Umma ya faɗo daga tsani. Mai aikin wayar wuta ne, yana ja wa wani shago waya ƙafar tsanin ta zame. A asibiti aka naɗe masa ƙafar dama da siminti har gwiwa, aka ba shi sanduna. Ɗakin da yake haya can ƙololuwar bene yake, su kuma a ƙasa suke, don haka Umma ta kwaso shi da jakarsa ta ajiye a doguwar kujerar falo. Ita tana ce masa Auta, Tabarau tana ce masa Kawu.

"Tunda ba abin da kake yi sai kallon silin," in ji Umma, "ka riƙa ɗauko min ita da rana. Makarantar ƙarshen layi ce. Likita ma ya ce ka riƙa motsawa."

"Yaya, gurgu za ki aika ya ɗauko bebiya?"

"Allah ya shirye ka. Kar na ƙara jin ka ce mata haka."

A hanyarsu ta dawowa akwai wani ɗan shagon lemo, a matse tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Kantar sayarwarsa mai tsayi ce, sama da ita an rataye ragar lemo da ayaba da abarba, ga injin markaɗe yana ta ruri, ga firiji mai ƙofar gilashi. Sai an hau ƴar matakala kafin a kai kantar. A ƙasa, ƙarƙashin rumfa, akwai benci. Mai lemon dattijo ne mai tumbi da farin gemu, ƙarar injin nan ta daɗe da cinye masa rabin ji.

Ranar farko Kawu ya zube a bencin yana haki, gumi har cikin kunne. Ya dubi matakalar, ya dubi ƙafarsa. Ya ƙwala wa mai lemo kira, injin ya haɗiye kiran. Sai ya zaro kuɗi daga aljihu.

"Tabarau, zo. Kin ga mai gemun can? Je ki ce ya ba mu lemo, kofi biyu."

Ba wani darasi ya nufa ba, ƙishirwa yake ji. Yarinyar ta karɓi kuɗin, ta hau matakalar, ta tsaya jikin kanta. Kantar ta fi ta tsayi, mai lemo bai ma san da mutum a wurin ba. Wata mata ta zo ta saya ta tafi, wani ɗan makaranta ya zo ya saya ya tafi. Can sai ta sauko, kuɗin a dunƙule a hannunta.

"Me ya ce?"

Ta girgiza kai.

"Ke me kika ce?"

Ta sake girgizawa.

"To shi ke nan. Ke ba baki, ni ba ƙafa. Tashi mu je mu sha ruwan famfo."

Suka tafi. Sai da suka shiga gida ta rufe ƙofa sannan ta ce, "Kawu, ai bai gan ni ba ne."

"Ina zai gan ki, kin tsaya kamar tsintsiya a lungu?"

Washegari ita ta ja rigarsa da suka zo wurin. Wannan karon mai aski, wanda ba shi da kowa a kujera, ya leƙo ya ce wa mai lemo, "Baba, kana da baƙuwa a ƙasa." Mai lemo ya leƙo ta saman kanta, ya ga gilashi da kitso. Ya zagayo da wani akwatin kwalabe da babu komai ciki, ya kife shi, ta hau. Kanta ya ɗan zarce kantar. Ta nuna abarba da yatsa, ta ɗaga yatsu biyu, ta miƙa kuɗi. Da aka ba ta kofi ɗaya ta juya za ta tafi, ya ce, "Tsaya, Hajiya, canjinki. Ba a barin canji, ko a shagon uba." Ta kai wa Kawu nasa, ta koma ta ɗauko nata.

Haka abin ya zama al'ada. Kawu yana zaune a benci, ƙafar siminti a miƙe, yana ba da umarni kamar mai kula da leburori. A fara gaisuwa kafin a nuna abu, ko da da kai ne. A riƙe kofi da hannu biyu. A kalli hanya, ba kofin ba. Ran da ta kalli kofin ta yi tuntuɓe rabin lemon ya malale a matakala, ta tsaya ƙiƙam tana jiran faɗa. Kawu ya ce, "Ni kike kallo? Ni na zubar? Je ki karɓo tsumma." Ta je ta nuna ƙasa, aka ba ta tsumma, ta goge, ta mayar, ta zauna ta sha rabin da ya rage.

A bencin takan yi magana, amma ƙasa-ƙasa, bakinta a jikin kunnensa.

"Kawu, me ya sa kofin yake gumi?"

"Tsoronki yake ji."

"Ƙarya ne."

"To ke faɗi."

Ta shafa jikin kofin da yatsa. "Na Baba mai aski ba ya gumi. Nasa shayi ne, mai zafi."

"To mai sanyi ne yake gumi ke nan. Duniya ta juya."

Ta gano cewa idan ta toshe saman tsinken zuƙa da yatsa, lemon yakan maƙale a ciki har ta ɗaga shi sama. Ta gano cewa zuƙa da sauri tana sa goshi ya sara. Ta gano babban kofi ya fi ƙarfin cikinta, bayan ta nace a saya mata shi ta kasa shanyewa, Kawu kuma ya ƙi taya ta, ya ce ido ne ya saya, ido ya sha. Ta lura ƙanƙara tana ƙanƙancewa, lemon kuma yana salancewa idan an daɗe ana hira. Ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wata rana suka zo babu abarba a raga. Akwai ta, amma an fere an yanka an sa a roba cikin firiji. Tabarau ta hau akwatinta ta ɗaga yatsa, ta rasa abin nunawa. Mai lemo ya kashe injin ya kawo kunne.

"Me za a ba Hajiya yau?"

Leɓenta ya motsa. Abin da ya fito bai fi numfashi ba.

"Ayaba? An gama."

Kafin ta yi wani yunƙuri ya ɓare ayaba ya jefa a inji ya tuttula madara. Duk duniya ba abin da Tabarau ta tsana kamar ayaba. Ta karɓi kofin, ta karɓi canji, ta sauko ta zauna, hawaye yana taruwa a ƙasan gilashinta.

"Mene ne kuma?" in ji Kawu.

"Abarba na ce."

"Shi me ya ji?"

"Ayaba."

"To laifin wa? Mutumin nan kunnensa ɗaya ya yi ritaya, ɗayan ma hutu yake nema. Ko ki mayar ki gaya masa, ko ki shanye. Ni nawa daidai ne."

Ba ta mayar ba. Ta zauna ta sha, tana kuka tana zuƙa, tana yamutsa fuska kamar mai shan maganin zazzaɓi. Mai aski ya ce, "Haba, malam, ka karɓar mata mana." Kawu ya ce shi ma bai iya shan ayaba ba, ya ci gaba da duba wayarsa.

Kashegari abarbar tana raga, a fili, kusa da hannunta. Ba ta nuna ba. Ta hau akwati, ta jira injin ya tsaya, ta cika ƙirji.

"Abarba! Ba ayaba ba!"

Mai gyaran waya sai da ya ɗago daga kan aikinsa. Mai lemo ya dafe ƙirji ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe, wallahi na ji. Ashe da rediyo a cikinki." Daga ranar take faɗin abin da take so da baki. Ba ta hira da shi, amma tana gaishe shi, tana cewa ƙarami ko babba, tana cewa an gode.

Umma ba ta san da wannan ba. Ba ɓoye mata aka yi ba, ba ta tambaya ba ne, kuma takan dawo a gajiye. Abin da ta fara lura da shi, abincin rana yana kwana a kwano. Sai kuma tari ya kama yarinyar. Ranar wata Asabar Umma ta ce a kawo mata ruwa, Tabarau ta tsaya a bayan kujera, ta dafa ta da hannu biyu kamar kantar mai lemo, ta ce, "Da ƙanƙara ko babu, Hajiya?"

Umma ta juya ta kalli ƙaninta. "Auta, ina kuke biyawa da rana?"

Ya gaya mata, bai rage komai ba, har da labarin ayaba, yana dariya. Ita ba ta yi dariyar ba.

"Wato na ba ka amanar yarinya ka mayar da ita ƴar aike. Kana zaune, tana hawa tana sauka da kuɗi a hannu a bakin titi."

"Ina kallonta fa, Yaya. Tsakaninmu bai fi tsawon wannan kujerar ba."

"Idan wani abu ya taso, da wace ƙafar za ka bi ta? Kullum sukari, kullum ƙanƙara. Ka san yara nawa ake kawo mana takardar maganinsu saboda irin wannan? Ka san da wane ruwa yake yin ƙanƙarar? Ga tari nan ka jawo mata, ana saura ƙiris a kira su tambayoyi. Kuma ka zauna ka zuba mata ido tana kuka a gaban mutane."

"Amma ai ta yi magana."

"Magana da mai lemo ce za ta shigar da ita makaranta?"

Kawu ya ɗaga hannu biyu. "Gidanki, ƴarki. An daina."

Aka daina. Suna wucewa ta gaban shagon, mai lemo ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga, Kawu ya ƙwanƙwasa sandarsa gaba. Tarin ya warke da kansa, kamar yadda ya warke wa sauran ƴan ajinsu da suka yi shi a lokacin. Katuna suka ci gaba da fitowa bayan cin abinci.

Ranar tambayoyin Umma ta nemi izinin rabin yini a wurin aiki. Ta goge wa Tabarau riga, ta wanke mata gilashi da sabulu, suka hau bas. An jera iyaye da yara a wani dogon baranda mai kujerun roba, ana kira ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kansu, wata malama mai fara'a ta zaunar da yarinyar a ƙaramar kujera, Umma kuma a baya kusa da ƙofa. Malamar ta tambaye ta sunanta. Ta ɗaga hoton kifi. Ta ɗaga harafi. Ta zube ƴan cokula masu launi ta ce a ware mata ja. Tabarau ta ware ja, ta ware shuɗi, ta jera su daidai, amma ko uffan ba ta ce ba. Malamar ta yi wasa, ta yi lallashi, ta ce Umma ta ɗan fita ko zai yi, bai yi ba. A ƙarshe ta biyo Umma baranda.

"Maman yarinya, ba na shakkar ta san abubuwan nan, hannunta ya nuna. Amma ajinmu da yawa, kuma komai da baki ake yi. Za ta wahala. Ku ba ta lokaci, ku dawo baɗi."

Umma ta yi godiya yadda ya kamata. Suka hau bas zuwa gida. Tabarau tana kallon taga, Umma tana kallon bayan kujerar gabanta, jakarta a cinya, katunan da ta taho da su don bita a hanya suna ciki. Suka sauka a bakin layinsu rana ta take. Kan Umma yana sarawa, takalmin fita ya matse mata yatsu. Da suka zo daidai rumfar shagon lemo ta ga benci, ta zauna don ta sassauta igiyar takalmin. Ba ta ma lura da ko wane shago ne ba.

Tabarau ta tsaya a gabanta. "Umma, kawo kuɗi."

Umma ta ɗago. Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta ga ba ta da ƙarfin gardama. Ta buɗe jaka ta ba ta.

Akwai mutane a kantar. Yarinyar ta hau matakala ta tsaya bayan wata mata mai goyo, ta jira. Da matar ta tafi ta sunkuya ta jawo akwatin kwalabe daga gefe, ta kife shi da kanta. Kafin ta hau, wani mutum mai jakar ofis ya zo da sauri yana waya, ya miƙa kuɗi ta saman kanta.

"Baba, ni ce a gaba," in ji Tabarau.

Mutumin ya duba ƙasa, ya janye hannunsa. "Yi haƙuri, ƴata, ban gan ki ba."

Ta hau. Mai lemo ya washe baki. "A'a! Hajiya, kwana da yawa. Na ce ko kin canza shago."

"Ina wuni. Abarba ƙarami. Da lemo babba na Ummata, kar a sa ƙanƙara, ba ta so. Sukari kaɗan."

"Ita ce a benci?"

"Ita ce. Kanta yana ciwo."

Umma tana jin komai, hannunta a kan igiyar takalmi. Ta ga an ba yarinyar canji ta duba ta sa a aljihun riga. Ta ga ta ɗauko babban kofin da hannu biyu, tana kallon matakala, ta sauko a hankali ta miƙa mata, ta koma ta ɗauko nata. Ta zauna kusa da ita, ƙafafunta suna lilo.

"Kar ki zuƙa da sauri," in ji Tabarau, "goshinki zai ƙara sarawa."

Umma ta sha. Lemon ba sanyi sosai, da ɗan tsami. Sai da ta kai rabi sannan ta ce, "Me ya sa ba ki yi wa malamar magana ba?"

Tabarau ta juya tsinkenta a cikin kofi. "Ai ta san kifi ne. Ita ta riƙe hoton."

"Shi wannan fa?"

"Shi bai san abin da nake so ba sai na faɗa."

Umma ta ci gaba da zuƙar lemonta. Ta shanye, yarinyar ta karɓi kofunan ta kai kwandon shara. Har sun tashi, Umma ta ce ta koma ta karɓo wa Kawu nasa. Ta tsaya a ƙasan matakalar tana leƙen yadda mai lemo yake ɗauraye injin, da inda yake ɗebo ruwan, da tsumman da yake goge kanta. Ta tambaye shi inda yake sayen ƙanƙara, ya gaya mata, sai da ta maimaita tambayar da ƙarfi kafin ya ji.

Suka tarar da Kawu a kujerarsa, ya zura tsinken saƙa cikin simintin yana sosa ƙafa. Ya ga kofin a hannun Tabarau, ya kalli yayarsa, ya karɓa bai yi tambaya a kansa ba.

"Yaya aka yi a can?"

"Sun ce baɗi."

"Allah ya kai mu."

Umma ta shiga ɗaki ta canza takalmi, ta fito da farar rigar aikinta a hannu. Ta zaro katunan daga jaka ta ajiye a kan firiji don ta sami wurin sa rigar. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ƙaramin kofi, kuma ba kullum ba. Ban da ƙanƙara. Sai ta ci abinci tukuna."

"Yaya, ni fa mako mai zuwa za a fasa simintin nan, in koma bakin aikina."

"Idan an fasa ma yi magana. Ku kulle ƙofa."

Ta fita da sauri, don bas ɗin da zai kai ta kanti ba ya jira.